Kwantenar Docker na aiki amma shafin ya ƙi buɗewa

Malam, ka ce kwantenarka ta Docker (akwatin da manhajarka ke gudana a ciki) ta tashi lafiya, amma localhost:8080 (adireshin shafin a kwamfutarka) ya ƙi buɗewa. Fara duba `docker ps`, umarnin da ke nuna kwantenonin da ke aiki. A ce manhajarka na kan fot 8000 (fot shi ne lambar ƙofar da ake bi a isa ga manhaja). In ba ka ga 8080->8000 ba, ba ka fitar da fot ɗin ba, don EXPOSE da ake rubutawa a Dockerfile (fayil ɗin gina kwantena) kaɗai ba ya fitarwa. Sa `-p 8080:8000`, na kwamfutarka a farko, na kwantena a baya. In ya fito amma shiru, galibi manhajarka na saurare a 127.0.0.1 cikin kwantenar, wato daga ciki kawai ake isa gare ta, mayar da ita 0.0.0.0 don a iya isa gare ta daga wajen kwantenar.

Tunda wayifai ɗin haɗaka kake amfani da shi a Yaba, don Allah ɗaure Postgres (manhajar ajiye bayanai) da `127.0.0.1:5432:5432` don kwamfutarka kaɗai ta isa gare shi, saboda Docker na tsallake dokokin ufw (katangar tsaro ta Linux). Buɗe fot a rautar ofis kuwa, bar wa mai kula da netwok ɗinku.