Turancin da muke yi a Garwa

Malam ka tambaya wai mu Hausawan Kamaru muna gane kalmomin Turancin Ingilishi da ku Hausawan Najeriya kuke sakawa cikin magana kuwa, to amsar ita ce muna ganewa amma ba duka ba. Gwamnatinmu harshe biyu take aiki da su tun 1961, Faransanci da Ingilishi, sai dai masu Ingilishin suna can kudu wajen Bamenda da Buwa, mu nan Garwa ofis da makaranta Faransanci ne, kasuwa kuma Fulatanci ya fi yawa, Hausa sai a gida da tsakanin 'yan kasuwa.

Tsofaffin kalmomi irin su mota, bokiti, tebur, asibiti, direba wallahi mu ba mu ɗauke su Turanci ba, da su muka tashi. Innata har ta rasu ba ta yarda bokiti maganar Bature ce ba, cewa take Hausar kakanninta ce. Sababbin kuwa ta bakin masu zuwa sari Mubi da Yola suke shigo mana, sai finafinan Kano.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce sori. A lakwal, wato makaranta, an koya mana neman gafara ce, sai wanda ya yi laifi yake faɗinta. Ranar da na fara zuwa Mubi na yi tuntuɓe da buhu a tasha, mutum uku suka ce min sori a tare, na tsaya ina kallonsu ina neman wanda ya ture ni a cikinsu, sai ubangidana ya ce kai sannu suke maka. Daga ranar na ji kalmar ta kwanta min, don sannunmu ce sak aka sa mata rigar Turanci.

Kwastoma ma haka, mu kiliya muke cewa kuma mai saye ne kawai, ku kuwa mai shago ya kira ka kwastoma kai ma ka kira shi kwastoma. Katin waya kiredi ne a nan, filashin kuma bip. Sannan in ka zo ka kula da mota da moto, moto babur ne, akwai baƙon da muka ce za a ɗauko shi da moto ya zo da akwati biyu.

Yaranmu yanzu saboda TikTok sun fi mu kama irin naku, ɗana har oke da gaskiya bro yake ce min, ina gyara masa bro ɗin dai don ni babansa ne.