Malam, an ce memwar ɗina a kan kallon fim shirme ne

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce ƴar Maradi, ina masta, memwar ɗina, wato kundin binciken kammala karatu, a kan yadda matan aure ke kallon finafinan Hausa a waya ne. Malamin da ke duba aikin ya ce sai na maida taken "illar finafinai ga tarbiyya" in ba haka ba ba zai sa hannu ba, kawuna kuma ya ce wanga ba karatu ba ne shirme ne. Wallahi har barci ba na yi, lokacin kare aikin ya matso. In canza ko in bari?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata. Ki kwantar da hankalinki, batunki karatu ne na gaske. Graham Furniss ya yi littafi guda a kan adabi da al'adun yau da kullum na Hausa tun 1996, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi shekaru yana wannan aiki, Adeline Masquelier kuma ta rubuta littafi a 2019 a kan fadar samarinmu na Nijar da shayinsu. Kawu ki bi shi da ladabi, ki nuna mishi waɗannan, ya isa.

Abin da ya dame ni shi ne taken nan. Kusan kowace shekara sai an kawo min irinsa, illar fim, illar waƙa, illar TikTok, kuma duk an yanke hukunci tun ba a fita daga ɗaki ba. To in kin riga kin san amsa mi za ki je nema? Tunanin da ke ƙarƙashinsa shi ne wai mai kallo tulu ne babu komi ciki, abin da aka zuba shi zai zauna. Wannan tsohon ra'ayin allura ne na Amurka, wai saƙo yana shiga mutum kai tsaye kamar allura, kuma tun binciken masanin zamantakewa Lazarsfeld a kan zaɓen shugaban Amurka na 1940 aka ga mutane sun fi jin maganar na kusa da su a kan ta rediyo da jarida. Masanin al'adu Stuart Hall a 1973 ya ƙara fayyace shi: mai kallo yana iya karɓar saƙo, yana iya ɗaukar rabi ya watsar da rabi, yana iya juya shi gaba ɗaya. Kin san wannan, kin karanta, don mi za ki ajiye shi a bakin ƙofa?

Ga misali daga gidanmu. Finafinan Indiya da aka daɗe ana cewa su suka lalata mu, Brian Larkin ya nuna yadda masu bandiri a Kano suka ɗauki karin waƙoƙinsu suka ɗora yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Kari ɗaya, wani ya yi soyayya da shi wani ya yi bege. Ina allurar take a nan? Ki zauna da mata a tsakar gida a unguwar Zariya ko Bagalam a nan Maradi suna kallo ki ji yadda suke gardama, wannan ta ce uwar mijin ce da laifi, waccan ta ce a'a amaryar ce ba ta da kunya, wata ta ce ai ƙarya ne babu namijin da ke haka. Fim ɗin ya zama hanyar faɗin abin da ba su iya faɗa a kan gidajensu kai tsaye, kishi, kuɗin cefane, saki. Nan aikinki yake.

Kuma ba wai ina cewa fim ba ya da tasiri ba, yana da shi, amma sai an auna, a kan wa, ta yaya, a wane gida. Raba takarda ɗari kina tambaya "shin fim na ɓata tarbiyya, i ko a'a" ba awo ba ne, kowa zai ce i don kar a gan shi baƙi, da daddare kuma ya koma kan wayarsa. Balle masu saida tsohon memwar a shagon kwamfuta, a canza sunan gari kawai, waɗannan kam ki nisance su.

Na tsananta ne don maganar ba a takarda take tsayawa ba. A Nuwamba 2000 nunin tufafi na FIMA a Yamai aka yi shi, amma a nan Maradi masu zanga-zangar adawa da shi suka afka wa gidajen mata marasa galihu. A Kano a 2007 an ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a, yawancin masu karanta su kuma mata ne. Duk lokacin da mai ilimi ya sa hannu a kan "abu kaza ne ya lalata al'umma" ba tare da hujja ba, wani ne zai ɗauka ya yi aiki da shi a kan mai rauni, kuma za a tambaye mu a kan abin da alƙalaminmu ya rubuta.

Malaminki kar ki yi jayayya da shi. Ki kai mishi take kamar "finafinan Hausa da tarbiyya a idon matan aure na Maradi", kalmar da yake so tana ciki, hukunci kuma babu. Ki haɗa da hira biyar da za ki yi da matan aure, a rubuce, da izinin matan kuma ba sunayensu, ki bar shi ya karanta da kansa.