Na zuba kulorin a ruwan ninkaya, amma gwajin bai nuna launi ba

Kada ka ƙara kulorin tukuna. Sau da yawa yawansa ne ya jawo haka: idan ya haura kusan ppm 10 (ppm ma'aunin yawan kulorin ne a ruwa, wato kashi ɗaya cikin miliyan), yakan kashe launin maganin gwajin kulorin da ake kira DPD, sai ka ga ruwan hoda ya bayyana ya ɓace nan take.

Ɗebo ruwa daga zurfin gwiwar hannu, nesa da bututun da ke dawo da ruwa. Haɗa shi rabi da rabi da ruwan da ba shi da kulorin, ka sake gwadawa, sannan ka ninka sakamakon sau biyu. Abin da ake nema ppm 1 zuwa 3 ne, pH (ma'aunin tsamin ruwa) kuma 7.2 zuwa 7.8.

Duba kwalbar maganin ma, don zafi da hasken rana suna lalata shi.