Hukuncin Musulmin da Ya Mutu a Tseren Babur na Hamada

Tambaya: Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Na karanta labarin Paulo Gonçalves, ɗan Fotugal da ya rasu a gasar Dakar, wato tseren babura da motoci na hamada. Shin ya halatta Musulmi ya shiga irin wannan tsere? In ya mutu a cikinsa, ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya kashe kansa?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ɗan'uwa, asalin tsere halal ne, domin Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar cewa Annabi (SAW) ya shirya sukuwar dawakai daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, wurare biyu a yankin Madina. Abin da ke sauya hukunci shi ne girman haɗari, saboda Allah Ya hana mu jefa kanmu cikin halaka a aya ta 195 ta Suratul Baƙara.

Mutumin da ka ambata ba sabon hannu ba ne, ya zama zakaran duniya na irin wannan tseren babur a 2013, ya zo na biyu a Dakar a 2015, amma ya faɗi ranar 12 ga Janairu 2020 tsakanin Riyad da Wadi Dawasir a Saudiyya, ya cika yana da shekara 40. Haka Fabrizio Meoni, wanda ya lashe gasar a 2001 da 2002, ya mutu a Muritaniya a 2005. Mahayi yana gudu ne shi kaɗai, idonsa ɗaya a kan rairayi, ɗaya a kan bayanin hanya da ke gabansa, kuma bai san abin da ke bayan tudun yashi ba sai ya hau kansa. Idan gwanaye irin waɗannan ba su tsira ba, ba za a ce ƙwarewa kaɗai ta kawar da haɗarin ba.

Malamai suna rataya irin wannan mas'ala ne a kan rinjayen zato. Wanda bai ƙware ba, ko yake ganganci, shigarsa haramun ce ba tare da wata tantama ba. Ƙwararren da ya cika sharuɗɗan kariya, har da rigar da ke cika da iska don kare jiki idan an faɗi, wadda aka wajabta a gasar tun 2021, kuma tsira ta fi rinjaye a zatonsa, ba na iya haramta masa, sai dai ina ganin abin makaruhi ne, musamman ga mai iyali ko wanda iyayensa ba su yarda ba.

Amma mutuwarsa ba kisan kai ba ce, domin kisan kai yana buƙatar nufi, shi kuwa ya fita ne yana neman isa ƙarshen zango da ransa. Ajalinsa ne ya zo. Za a yi masa wanka da sutura, a sallace shi, a roƙa masa gafara. In ya yi sakaci, laifin sakacin yana tsakaninsa da Ubangijinsa, kuma bai halatta a ƙara wa iyalansa baƙin ciki da mugun zato ba. Allah ne Mafi sani.