Ciwon Suga da Folik Asid: In Saya In Riƙa Sha?

Tambaya: Shekarata 8 da ciwon suga, ina shan metformin. Na ji an ce ciwon yana lalata ƙwayoyin halitta, folik asid kuma yana gyarawa. In saya a kemis in riƙa sha? Daga wata Hajiya a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Maganar tana da tushe, sai dai rabi aka faɗa miki.

Idan suga ya daɗe a sama, jiki yana fitar da wasu sinadarai masu ci kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Su ne ke kaiwa ga DNA, zaren da ke ɗauke da rubutun halittar kowace ƙwaya, su tsinka shi ko su ɓata haruffansa. Kullum jiki cikin ɗinki yake, kuma a nan folet, wato bitamin B9 (folik asid shi ne irinsa da ake haɗawa a ƙwayar magani), yake da aiki: da shi ake ƙera taimin, ɗaya daga haruffa 4 na zaren. In folet ya yi ƙaranci, sai wani harafi, yurasil, ya shiga gurbinsa, garin cire shi kuma zaren ya ƙara tsinkewa. To amma folet zaren ɗinki ne kawai, ba ya hana yagewa. Abin da ke hanawa shi ne saukar da suga. Ki riƙa gwajin HbA1c, gwajin jini mai nuna matsakaicin suga na watannin baya, duk wata 3 zuwa 6. Ga yawancin manya ana son ya sauka ƙasa da kashi 7.

Babba yana buƙatar maikirogiram 400 na folet a rana. Rabin kofi na dafaffen wake ya kai kusan 100, saura ki nema a alayyahu, kontomire (ganyen gwaza), ayoyo (lalo), kuɓewa, gyaɗa da hanta. In za ki ci waakye, wake ya rinjayi shinkafa. Folet yana bin ruwa, zafi kuma yana kashe shi, don haka ganyen da aka tafasa aka tsiyaye ruwan ya yi asara mai yawa. A zuba ganye dab da sauke miya.

Abin da ya fi damunmu a tambayarki shi ne metformin. Shansa shekara da shekaru yana rage bitamin B12 a jiki. Folik asid mai yawa yana iya gyara ƙarancin jinin da rashin B12 ke kawowa, gwajin jini ya fito lafiya, alhali jijiyoyi suna ta lalacewa. Ƙafa ta fara zogi ko ta mutu, kowa ya ce ai suga ne. Saboda haka kada ki wuce maikirogiram 1,000 na folik asid a rana da kanki, ƙwayar folik asid mai miligiram 5 kuwa ninki biyar ke nan. Ki fara neman likitanki ya rubuta miki gwajin B12 da na folet, kuma kada ki ajiye metformin.

Wadda ake ba miligiram 5 ɗin ita ce mai ciwon suga da ke neman haihuwa, tun kafin ciki ya shiga har mako 12, domin lakar jariri tana rufewa cikin kwana 28 na farko, folet kuwa yana taimaka wa rufewar. In da irinta cikin 'ya'yanki ko surukanki, ki tura ta asibiti tun yanzu.