Kanari mai ruwan toka macen mai ruwan ɗorawa ce?

Tambaya: Malam, na sayi kanari biyu a kasuwa nan Bauchi, ɗaya ruwan ɗorawa, ɗaya ruwan toka. Mai sayarwar ya ce mai tokar ita ce macen. To amma ta fi ɗayan kuka, kuma kullum faɗa suke yi. Yaya abin yake?

Amsa: Ɗan'uwa, ba mata da miji ka saya ba. Tsuntsaye ne iri biyu, dangin juna na kusa, kuma tunda mai tokar yana zuba kuka haka, da wuya in ba namiji ba ne.

Mai ruwan ɗorawan shi ne masana ke kira Crithagra mozambica. Tsawonsa santimita 11 zuwa 13, bayansa kore-kore, ƙirji da gira rawaya, da baƙin layi da ya sauko daga gefen baki kamar gashin baki. Macensa ma rawaya ce, sai dai launinta ya ɗan dushe, kuma a irin da muke da shi a Afirka ta Yamma za ka ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe sun zagaye mata maƙogwaro.

Mai tokar kuwa Crithagra leucopygia ne. Ya ɗan fi ƙanƙanta, ba shi da ado ko kaɗan. Ka lura da shi in ya buɗe fiffike: saman gindin jelarsa fari ne fat, alhali na ɗayan rawaya ne. Nan ake rabe su. Namijinsa da macensa kamarsu ɗaya, kuka ne ke nuna namijin. Ya fi son ƙasa mai ƙarancin ruwa, irin ta wajen Azare da Katagum, shi kuma mai ɗorawan ya fi sabo da daji mai itatuwa kamar na Yankari.

A wurina mai tokar ya fi iya kuka nesa ba kusa ba. Yakan ja shi da tsawo, ya murza, ya hau ya sauko ba tare da yankewa ba. Na ɗorawan muryarsa da zaƙi, amma gajeren kuka yake yi yana maimaitawa. Abin da ke damuna shi ne wannan muryar ce ke sa ake ɗana musu tarko har lokacin da suke kan ƙwai, a bar 'ya'ya su mutu a sheƙa.

Ka raba musu keji tun yau, don maza biyu sukan ji wa juna rauni. Ka ba su gero da acca da ɗanyen ganye, ka riƙa sauya musu ruwa kullum.