Fitilar da ta dace da tankin murjani a garinmu

Malam, ka ce tankinka na ruwan gishiri ya kai mita biyu, kana ƙauye a wajen Ringim, kana neman fitilar da za ta rayar da murjani. Ni dai LED zan ce ka saya.

Murjani halitta ce mai rai ta teku, kuma da haske yake ci. A cikin naman jikinsa akwai ƙananan gansakuka masu haɗa masa abinci, kuma shuɗin haske, wajen nanomita 450 a ma'aunin launin haske, shi suka fi amfana da shi. Don haka farin ƙwan shago ba zai wadatar ba, komai ƙyallinsa. Nau'o'in murjani masu laushi ba sa son haske mai tsanani. Masu tauri irin Acropora kuwa sai mai ƙarfi, kusa da saman ruwa.

Abin da ya fi damuna zafi ne. Murjani yana son ruwa wajen digiri 25, mu kuwa a watan Afrilu ɗaki mai rufin kwano ya zama tanda. Fitilar metal halide, wato wani nau'in ƙwai mai ƙarfin haske da yawan zafi, za ta ƙara dafa ruwan, ga cinye batirin sola.

Jera fitilu uku a tsawon tankin, kada ka dogara da guda ɗaya a tsakiya. Awa 8 zuwa 10 kullum ya isa. Ka fara da rabin ƙarfi, kana ƙarawa sannu a hankali cikin makonni. In ka ga murjani ya fara fari, rage hasken nan take.